Faifan Roba a Gonar Dabinon Alhaji Sule

To jama'a, kun ishe ni wallahi. Tun da na sauka wayata ba ta huta ba: "Nazifi ya Madina?" "Nazifi ba labari ne?" Har waɗanda ko sallamata ba sa amsawa a guruf sai ga su da "mutumina, an dawo?" To ga shi nan zan zuba muku gaba ɗaya, kowa ya gyara zama. Wanda datarsa ba ta da ƙarfi ya yi haƙuri.

Kun dai san umara na je da aka yi hutu, cikin ayarin wani ejan na unguwarmu. Abin da ba ku sani ba, da aike na tafi.

Kakata Hajiya Rabi tana da ƙane a Madina, Alhaji Sule. Yana ɗan shekara shida babansu ya ɗauke shi suka tafi hajji ta ƙasa, ita aka bar ta a Kano wajen gwaggonsu. Uban bai dawo ba, can ya zauna, can ya rasu. Sule ya girma ya zama ɗan ƙasa, har da 'ya'ya da jikoki. Amma duk Juma'a sai ya kira yayarsa, su yi ta hira har shinkafa ta ƙone. Sai wata Juma'a suka ɗan haura sama: ta ce masa ya yi sakaci, jikokinsa ba sa Hausa, ya zubar da gida. Daga ranar ɗif. Wata takwas ba kira. In ita ta kira, jikansa ne zai ɗauka ya ce tsohon yana barci, ko ya fita.

Ana gobe zan tafi ta kira ni ɗakinta.

"Mai gida," haka take ce mini, "ba na son turare, ba na son dabino. Ka je ka ce wa Sule na tuba, bakina ne ya ja. Ka haɗa ni da shi in ji muryarsa kafin in mutu."

Na ce, "Haba tsohuwa, ke da za ki binne mu duka?"

Ta kai mini duka da mafici, amma idonta ya kawo ruwa. Ta miƙo mini ƙullin daddawa da kuka, wai tsarabar Sule.

Daddawar nan ita ta fara kwafsa mini. Leda uku na sa mata, amma tun a filin jirgin Kano wata hajiya da ke bayana a layi take ta duba ƙasan takalminta. Ni ma na taya ta dubawa, don kar a gane. A Jidda kuma sai na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi babban yatsana. Jami'in ya ce in sake, na sake, ya ce in sake. Na ce shi ke nan, dannar waya ta goge mini zanen yatsa, daga nan za a juya da ni. Sai wani dattijo ya ce in goga yatsan a goshina. Na goga, na ɗora, ta karɓa nan take. Ashe maiƙon fuska ma yana da ranarsa.

Makka dai ba zan iya ba ku labarinta a waya ba, sai mutum ya je da ƙafarsa. Abu ɗaya zan ce: wanda bai iya ɗaura zanen harami ba ya nemi bel mai kyau, don nawa ya so ya tona mini asiri a kan matakalar nan mai tafiya da kanta.

Daga Makka muka hau bas zuwa Madina. Tafiya ce mai tsawo, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, ba ɗan tallan gyaɗa, ba shingen kowa, titi sumul har ya ba ka barci. A hanya aka tsaya cin abinci, aka dire mana faranti ɗaya ƙato, shinkafa da kaza, mu biyar a ƙasa. Daɗi kam akwai, amma ba yaji ko na rantsuwa. Wani alhaji ya zaro kwalbar yaji daga aljihu, wallahi nan take ya zama shugaban ayari. Masauki kuma mu huɗu a ɗaki, biyu na son iyakwandishan kamar firij, biyu na rawar ɗari. Rimot ɗin nan ya ga rayuwa.

Washegari bayan azahar jikan Alhaji Sule ya zo ɗaukata. Sunansa Rayan, sa'ana ne, ɗan gayu, gemu a gyare kamar da rula aka ja. Na ce, "Sannu ɗan'uwa, ya gida?" Ya ce, "Hala wallah, alhamdulillah." Haka muka yi ta yi: ni Hausa, shi Larabci, kuma yana jin komai. Da na ce bari in burge shi da Larabcin Islamiyya, sai ya kusa sakin sitiyari don dariya. Wai ina magana kamar mai huɗubar Juma'a.

Mun kusa Awali, wajen gonakin dabino, sai ya rage gudu. Ya lalubo Hausarsa da ƙyar.

"Jaddi ba lafiya. Hannu, baki. Wata takwas. Bai so Hajiya ta sani."

Jaddi shi ne kaka a bakinsu. Na sha jinin jikina. Ashe shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi.

Gonar a kewaye take da katanga, dabinai a jere, ruwa na bin 'yan magudanai a gindinsu. A ƙarƙashin rumfa na tarar da tsohon a kujera, cikin farar jallabiya, hannun dama a kan cinya, bakin ya ɗan karkace. Kamarsu ɗaya da Hajiya, har hancin. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan maganar ta fito a hankali, kalma bayan kalma.

"Kai ne mijin Yaya Rabi? Kai, ta yi faɗuwar baƙar tasa. Ƙaƙa Kano?"

Na ce, "Tsoho, kishi kake don na fi ka gashi."

Ya yi dariya har da tari. Hausarsa irin ta da ce, wadda ko Hajiya ta daina, ga Larabci yana faɗowa ciki kamar tsakuwa a shinkafa.

Aka kawo gahawa da dabino ɗanye, mai laushi, yana zubar da zuma. Rayan ya zuba mini a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye, ya ƙara. Na ce alhamdulillahi na ƙoshi, ya ƙara. A gida in ka ce ka ƙoshi sau biyu an ƙyale ka. Nan ashe sai ka girgiza kofin, in ba haka ba ana ɗauka kara kake. Kofi tara na sha kafin tsohon ya tausaya mini ya nuna mini da hannun hagu. Dabino kuwa ban ƙirga ba.

Na gyara murya na ce, "Alhaji, Hajiya ta ce..."

Ya ɗaga hannu. "Na san me ta ce. Ba yanzu ba. Kuma amana, kar ka faɗa mata yadda ka gan ni." Ya nuna wani abu can tsakanin dabinai. "Ka ga wancan?"

Wani ƙarfe ne a tsaye, tsayinsa ya kai ƙirjina, da kwando a tsakiya, sarƙoƙi na reto daga sama zuwa cikinsa. Na ɗauka abin gasa nama ne. Ashe wasa ne, wai shi disgolf. Rayan ya koyo shi lokacin da yake karatu a waje, ya sa mai walda ya ƙera masa kwanduna uku ya kafa a gonar. Faifai ake jefawa, ya daki sarƙa, ya faɗa kwando. Da tsohon ya fito daga asibiti aka ce ya riƙa motsa hannun, ya ce shi ba zai zauna yana matsa ƙwallo kamar jariri ba, a ba shi abin nan na Rayan.

"Ranar da hannun nan ya saka faifai a kwando daga gindin wancan dabinon," in ji shi, "ranar zan kira ta. In ta ce ƙaƙa jiki, in ce lafiya, ban yi ƙarya ba."

Na auna da ƙafa, taku bakwai ne. Wata huɗu yana gwadawa, ko sarƙar bai taɓa taɓawa ba. Ni kuma kwana huɗu gare ni a Madina. Maganar faɗansu kuwa na haɗiye ta, don na ji nauyin tayar da ita gaban mara lafiya.

Kun san ni da son sanin ƙwaƙwaf. Na ce Rayan ya zazzage mini jakar. Ashe faya-fayan ba ɗaya ba ne. Akwai mai kaifin baki, siriri, mai tauri, shi ne na nesa: in ka wurga shi yana yanka iska kamar shaho, sai ya kusa sauka ya karkata hagu. Akwai kuma wanda suke kira fota, na kusa da kwando. Shi bakinsa dakusasshe ne, cikinsa da zurfi, ba ya gaggawa, tafiya yake miƙe a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Fotar ma kala-kala ce. Mai tauri tana fita daga hannu tsaf, amma in ta daki sarƙa tana iya zamewa ko ta yi tsalle ta dawo, in ta faɗi ƙasa kuma ta mirgina ta bar ka da takaici. Ta roba mai laushi kuwa kama sarƙar take, ta lafe ta zube ciki, in ta faɗi ƙasa nan take zama. Wadda ta fi kowacce laushi Rayan ya ba tsohon, shuɗiya, kana iya naɗe ta kamar gurasa, saboda mai taurin suɓuce masa take tun kafin ya ɗaga hannu.

Na ce a ba ni in nuna musu yadda ake yi a Kano. Na tsaya, na saita, na wurga. Jama'a, faifan nan ya ƙi rabuwa da ni. Ya manne a yatsuna, sai da hannuna ya wuce sannan ya fita, ya yi dama yana rawa, ya kwashe butar shayin wani bawan Allah, ya faɗa magudanar ruwa.

Mai butar shi ne Malam Haruna, mutumin Maraɗi, magidanci mai furfura, shi ke kula da gonar shekara da shekaru. Ya kalli shayinsa a ƙasa, ya kalle ni.

"Wanga baƙo daga ina?"

"Daga Kano," in ji tsohon.

"To, shi ya sa."

Na ba shi haƙuri na tsamo faifan. Sai na ji ya canja a hannuna: ya yi sanyi, ya ɗan ƙara tauri, yatsuna ma ruwa ya wanke su. Na goge a wando na sake jefawa. Ya fita salin-alin, ya miƙe, kacau, cikin kwando. Rayan ya ce, "Ya salam!" Ni kaina ban yarda ba. Hannu ɗaya, faifai ɗaya, minti biyu tsakani. Me ya bambanta?

Abin nan ya hana ni sukuni. Ko da muka je gidansu a unguwar Bani Harisa, aka kawo wata shinkafa da aka dafa da madara har na ɗauka kunu ne na nemi kofi, hankalina na kan faifai. Maman Rayan ta karɓi daddawar nan kamar na ba ta zinariya, ta ce rabonta da mai ƙamshi haka tun rasuwar surukarta. Ƙamshi fa ta ce.

Rana ta biyu da safe ayarinmu ya je ziyara masallacin Ƙiblatain, la'asar na yi na koma gona. Na ce tsohon ya jefa in ɗauke shi bidiyo. Ya sha gahawarsa, ya ci dabinonsa bakwai kamar kullum, ya ɗauki faifan daga kan tebur inda rana ke dukansa tun azahar, ya jefa. Dama ya yi, ya faɗi. Na rage gudun bidiyon muka haɗa kai muna kallo. Ga shi ƙarara: faifan ya lanƙwashe ya rungume babban yatsansa, yatsun kuma ba sa buɗewa da wuri. Riƙewa ba ita ce matsalarsa ba. Saki ne.

Malam Haruna ya leƙo ta kafaɗata, ya yi tsaki.

"Mi ya hana ku tambaye ni? Roba in ta sha rana sakin jiki takai. Ku dubi tiyon ban-ruwa, da safe ƙyam, da azahar kamar tuwo. Hannun da ya ci dabino kuwa, komi ya kama ba ya saki. Mu in muna tsinka, ƙasa busassa muke murzawa."

Rayan ya ce da Larabci ai shi mai laushin ya zaɓa don Jaddi ya iya riƙewa.

"Ya riƙe kam," in ji Malam Haruna. "Wata huɗu yana riƙe."

Tsohon ya ce, "To kai da ka sani, me ya sa ka yi shiru?"

"Alhaji, ni dabino aka ɗauke ni in duba. Wasan manya ba a sa mini baki ba."

Nan muka buɗe ɗakin bincike. Muka sa faifan cikin kular ruwan sanyi minti kaɗan, muka goge shi tas. Aka wanke wa tsohon hannu da sabulu, Malam Haruna ya murza masa ƙasa a yatsu. Da faifan ya yi sanyi da yawa sai ya suɓuce, da ya ɗumama sai ya manne, akwai wani ɗan tsakani da yake yin daidai, jifa uku ko huɗu kafin a mayar da shi kula. Ni ne mai kula, Rayan mai ɗaukowa. Rigimar da aka sha ita ce ta dabino, don tsohon ya ce shi ba wanda ya isa ya hana shi. Aka sasanta: ya ci da hagu. Ya ce haram, shi ba ya ci da hagu. Aka sake sasantawa: jifa tukuna, dabino daga baya.

A ranar faifan ya daina zuwa dama. Yana miƙewa, sai dai ya gaza a hanya.

Duk wannan abin Hajiya na turo mini saƙon murya ta wayar ƙanwata. "Mai gida, ka gan shi?" Na ce na gan shi. "Ya karɓi tubana?" Na ce netwok ba kyau. Ni da ko a cikin lif ɗin otal waya ba ta yanke mini ba a garin nan.

Rana ta uku ya taɓa sarƙa. Ƙasa-ƙasa ne, ɗan kacau kaɗan, faifan ya faɗo waje. Amma wallahi ihun da muka yi sai da tattabaru suka tashi. Malam Haruna ya yi kabbara daga saman dabino. Tsohon kuwa kallon hannunsa kawai yake.

Rana ta huɗu ita ce ta ƙarshe, bas ɗinmu zai tashi zuwa Jidda bayan la'asar. Don haka da hantsi muka haɗu. Ya jefa na farko, gajere. Na biyu, gefe. Na biyar ya daki ƙarfen kwandon. Na takwas ya tashi kyakkyawa, miƙe, a hankali, ya shiga sarƙa sosai, ya zamo, ya zauna a leɓen kwandon rabi ciki rabi waje. Sai ya karkata ya faɗo ƙasa.

Hannun ya gaji. Ya koma kujera.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ka gaida ta. Ka ce ina lafiya, ayyuka ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Alhaji, ka san abin da take zato kuwa? Cewa take fushi kake da ita."

"Fushi? Na me?"

"Maganar da ta faɗa maka, wai jikokinka ba sa Hausa, ka zubar da gida. Daga ranar ba ka sake kira ba. Aiken da ta ba ni ke nan, in ce maka ta tuba. Kuka take yi da ta faɗa mini."

Ya ƙura mini ido. Ya juya wajen Rayan, Rayan ya sunkuyar da kai.

"Yaushe ta faɗi haka?" in ji shi. "Ni ban ma tuna ba. Ai kullum tana faɗa."

Ya sake dubana.

"Wata takwas tana kwana da wannan?"

Na ce e.

Ya goge fuska da hannun hagu, ƙasar da ke yatsunsa na dama ta ɓata masa farar riga. "Kawo jawwal ɗin nan naka," in ji shi, yana nuna wayata.

Na kira ƙanwata, na ce ta ruga ɗakin Hajiya, na sa a sifika. Muna jin takun silifas, muna jin "wa ye?"

"Yaya Rabi," in ji shi. Sunan ma da ƙyar ya fito.

"Sule? Sule, kai ne? Me ya sami bakinka?"

Ya faɗa mata. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba: faɗuwar, asibitin, hannun. Ba ta katse shi ba, abin da ban taɓa gani ba. Da ya gama sai muka ji ta ja dogon numfashi.

"Alhamdulillahi!"

Muka kalli juna. Malam Haruna ya saki baki.

"Alhamdulillahi, ashe ciwo ne! Ni na ɗauka yanke ni ka yi. Ciwo ai ana shan magani, Sule. Allah ya ba ka lafiya, ja'irin yaro, ka kusa kashe ni." Tana kuka tana faɗa, shi yana kuka yana dariya. Yaro fa ta ce, mutumin da ya haura saba'in.

Ya ce mata shi jira yake sai ya saka faifai a kwando tukuna.

"Wane faifai? Wane kwando?"

Ya fara bayani, roba, sarƙa, taku bakwai. Ta katse shi.

"Ni ban gane wannan shirmen ba. Ka saka ko kar ka saka, ranar Juma'a ina zaune da waya a hannu."

Hira ta ja mu har la'asar, da gudu Rayan ya kai ni masauki, na tarar kowa ya hau bas ana ta zagina.

Sati uku ke nan da dawowata. Jiya na tambayi Rayan, ya ce har yanzu faifan bai shiga ba. Juma'a kuwa uku aka yi, kira uku.